Kumfa a Kwalaben Malam Khalilu

Ni dai ban taɓa kai wa marar lafiya magani ba. Baki nake kaiwa. Shi ya sa da ƙafafun Malam Khalilu suka kumbura, fitsari ya yi masa wuya, na ɗauki tabarmata na tare a tsakar gidansu nan Zongo, wai ina taya matarsa Huseina zama. Gaskiyar magana, so nake in ga wa ya zo, wa bai zo ba.

Kowa kuwa ya zo. Malam ne ya karantar da rabin matanmu tun muna tsohuwar unguwa ta wajen Koulouba, kafin a rushe ta a watsa mu. Yanzu wasu suna Wemtenga, wasu can Kossodo, amma da labari ya kai musu sai ga su a kan moto, wato babur, kowace da kwalbar jiƙo ƙunshe cikin zane. A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a ajiye maganin mai dubiya a ce sai an jima. A gabanta ake sha, ta ga an karɓi zumuncinta. Wani marar lafiyan kurɓa kawai yake yi don kunya. Malam kuwa cika kofi yake yi, ya shanye, ya sa albarka.

Maimakon sauƙi, sai amai da zawo. Mutum ya zube, ko kunu ba ya zama masa.

Ranar Asabar jikarsa Zulfa ta zo, wadda ke karatun haɗa magunguna a jami'a. Ta durƙusa ta gaishe mu, idonta yana kan kwalaben da aka jera a gindin bango.

"Tsoho, farmasi ka buɗe ba ka gaya mini ba?"

"Likitar gida, ki bar mini kayana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗauki ɗaya ta girgiza. Kumfa ta taso har wuyan kwalba, ta tsaya cak ba ta kwanta ba. Ta girgiza ta kusa da ita, haka. Wannan ja ce, waccan baƙa, wata da ƙamshin zuma, amma duk kumfa. Fara'arta ta ɗauke.

"Iya Salamatu, kin san me ke ciki?"

Ji tambaya! Na gyara zama. Na ce jar nan ta Ƙaltume ce ta Wemtenga, ta sa tsamiya, amma saiwar wajen Lassane mai saiwoyi ta saya. Baƙar ta Marwa ce ta Kossodo, wadda ke cewa sirrin kakarta ne, alhali surukinta ne ya tono mata a daji. Mai zumar kuma ta Shahida ce, wadda ta leƙa tukunyar Ƙaltume ta kwaikwaya. Kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta, amma duk ƙayar ɓera ce, ciyawar nan mai ƙaya da siraran ganye, mai saiwa kamar yatsu.

"Voilà, ga ta nan," in ji Zulfa, ta zauna a bakin gadon. "Tsoho, magani ɗaya kake ta sha da kaya daban-daban. Abin da ke kumfar nan saponin sunansa, ɗan'uwan sabulu ne, in ya yi yawa yana wanke hanji. Akwai kuma wani mai bauri a ciki. Ba na ce guba ba ce. An gwada kaɗan a kan dabbobi, ba a ga illa ba. Amma ba wanda ya gwada ta a kan tsoho mai ciwon ƙoda, yana sha daga hannun duk mutanen Zongo. Ka daina, mu je asibiti a yi analiz, a gwada jini da fitsari."

Malam ya dubi kwalaben.

"Asibiti zan je. Amma Ƙaltume ta hau moto da ciwon gwiwarta ta zo, in ce ta koma da kwalbarta? Gidaje aka rushe mana, Zulfa. Zumuncin nan ba ni zan rushe ba."

Huseina ta juya baya tana gyaran tukunyar da ba ta buƙatar gyara. Na ga tana share hawaye da gefen zane.

Da na tashi tafiya, Zulfa ta bi ni har zaure. "Iya, yau bakinki nake roƙo."

To, an zo wurin. Na yafa mayafi na fara da Ƙaltume. Ban ce mata jiƙonta ya yi ɓarna ba. Na ce likita ya hana Malam komai sai nasa, saboda ƙoda. Sannan na matsa kusa da kunnenta na ce Malam ya faɗa a ɓoye, abin da yake marmari shi ne ya ji muryar waɗanda ya karantar, ko sun riƙe karatun ko sun zubar. Na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin la'asar labari ya isa Kossodo.

Da ya dawo daga asibiti, suka zo ba kwalba ko ɗaya. Manyan mata masu jikoki suka zauna a tabarma, suna ture juna wa zai fara. Ƙaltume ta ja sura, ta yi tuntuɓe a tsakiya.

"Koma baya!" Malam ya daka, da irin muryarsa ta dā.

Huseina ta yi dariya har da hawaye. Ranar ya sha kunu, kunun ya zauna. Ƙoda dai ba ta koma sabuwa ba, amma amai ya tsaya, har yana fita masallaci da sanda.

Bayan sun watse ya kira ni.

"Salamatu, yaushe na ce ina marmarin karatu?"

"Ba ka ce ba, Malam. A fuskarka na gani."

"To madalla. Saura naki karatun."

Na buɗe baki, bakin nan da bai taɓa rasa magana ba, na tsaya a aya ta biyu. Ya ɗora mini a hankali, kamar ina yarinya.