Shuɗiyar Kujerar Narelle

A ofishin inshorar da Narelle Kostakis take aiki a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, babu mai teburin kansa. Wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar wuri, kujera kuwa duk wadda hannunka ya kai kanta. Masu tsawo ko a jikinsu. Narelle ce abin ya dama, don ita gajeruwa ce, ga ciwon bayan da ya sa ta gaba tun haihuwar ɗanta na biyu.

Akwai wata shuɗiyar kujera da ta sha wahalar saita ta. Ta sauke mazaunin har tafin ƙafarta ya taka ƙasa sosai, ta turo majinginar ta tokare mata ƙugu, ta daidaita hannuwan yadda kafaɗunta ba za su ɗage ba in tana aiki a kwamfuta. Ranar da ta samu kujerar, da 'yar waƙarta take komawa gida. Ranar da ta rasa, sai kwanciya a ƙasa da robar ruwan zafi.

Mai raba ta da ita Warrick Faleafa ne, wani ƙato mai fara'a da ke isowa a keke tun kafin a kunna injin kofi. In ya gan ta tsaye tana kallon kujerar, yakan tambaya ko ya tashi ya ba ta. Ita kuma, kamar kowa a garin, sai ta ce ai ba komai, ta wuce tana cizon yatsa.

Dabara ta faɗo mata a ɗakin ajiya, inda Bronwyn mai kula da lafiyar ma'aikata take aje jan ƙyallen da ake ɗaura wa kayan da suka lalace. Ƙa'idar ofishin ce, abin da aka ɗaura wa jan ƙyalle ba mai taɓa shi. Da yamma Narelle ta ɗaura wa kujerarta ɗaya, ta tura ta lungu. Da safe ta kwance ta zauna abinta, in za ta tashi ta mayar. Bayanta ya yi sanyi, har ta fara yi wa Warrick tayin biskit saboda tausayi.

Sai ɗanta ya tashi da zazzaɓi, ta yi fashin Juma'a. Ran Litinin ta tarar da lungun wayam. Bronwyn ta shaida mata, tana ta murna, cewa ta tsinci wata karyayyar kujera, ta sa an fitar da ita bakin titi don motar shara, kuma tana neman wanda ya ɗaura ƙyallen ta yi masa godiya. Narelle ta sauka da gudu, ba kujera ba alamarta. Abin da aka aje a bakin titi ai na wanda ya riga gani ne.

Laraba kowa daga gida yake aiki. Narelle na kan doguwar kujerar kicin da matashi a baya aka buɗe taron bidiyo. Ga Bronwyn, ga kuma Warrick ya kishingiɗe yana lilo, jan ƙyalle na reto a gefen kafaɗarsa.

"Waz, wannan ba ita ce karyayyar nan ba?" Narelle ta tambayi Warrick. "Ka yi a hankali, kada ta kayar da kai."

"Haba Naz, lafiyarta lau," in ji Warrick. "A bakin titi na tsince ta na kawo gida. Wani ne dai ya durƙusar da ita kamar ta 'yan firamare. Na ɗaga komai, yanzu ta dawo kujerar mutane."

Bronwyn ta ce to lallai tana son ganin wanda ya yi wasa da ƙyallenta. Ƙugun Narelle kuwa ya soma zugi. Ta ce ai ba komai, ta gyara matashin.