Taku Arba'in na Inna

Ranar da ƙungiyar da ke mayar da tsohon layin dogo hanyar ƙafa mai itatuwa ta nemi masu aikin sa-kai, Tela ce ta fara ba da suna. Ba son itatuwa ya kai ta ba, matar da ko fure a tukunya ba ta taɓa rayawa ba. Uwarta ce dalili. Tun da Inna ta faɗi a banɗaki bara take tsoron ƙofar gida, likita kuwa bai ɓoye ba: in ba ta riƙa takawa ba, ƙafar ta tafi ke nan.

Duk Asabar Tela takan rufe shago, ta je a kwashe shara, a jera bulo. Da aka zo kan maganar wurin zama, Injiniya mai kula da aikin ya baza takarda, benci ɗaya a kowace mita ɗari. A zane kam abin ya yi kyau.

"Ranka ya daɗe, wa zai kai wurinsu?" in ji Tela. "Masu gudu?"

"Haka ƙa'ida take, Malama."

"Ƙa'idar ba ta da uwa, shi ya sa."

Ta koma gida ranta a ɓace. Ta lallaɓa Inna suka yi ta kai-komo a tsakar gida tana ƙirgawa. Taku arba'in cif, sai tsohuwa ta dafa bango. Tela ta durƙusa da tef ɗin awo, ta auna daga bayan gwiwa zuwa diddige.

"Ke, likkafani kike auna min?" in ji Inna.

Makon nan duk tsohuwar da ta kawo ɗinki sai da aka auna mata ƙauri, ko da ɗankwali ta kawo.

Ranar Asabar Tela ta ajiye wa Injiniya littafin awonta. Bencinan sun yi nisa da juna, sun kuma yi tsayi da yatsa huɗu. Ya sosa ƙeya ya ce katako ba zai isa ba.

"A raba kowane dogo gida uku mana. Tsohuwa ɗaya yadi nawa za ta cinye?"

Ya yi dariya, amma ya aika a kira kafinta.

Wata biyu bayan nan, da hantsi, Inna ta fito da sandarta tana mita. A taku na arba'in ga benci. Ta zauna, tafin ƙafarta ya sauka daram a ƙasa. Ta huta a na biyu. Na uku kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

"Inna, ga benci fa."

"Na gani, ai ba makancewa na yi ba. A bar wa tsofaffi."

Tela ta tsaya a tsakiyar hanya, alfahari ya cika mata ƙirji har da ƙwalla. Sai da ta haɗa da sauri kafin ta cim mata.