Hawainiya a Jakar Munsif

Munsif ɗan kawuna ya zo mana hutu tsibirin Jarba daga Tunis, shi da matarsa Rim. Da safe na ja su yawon ƙafa cikin tsofaffin gonakin zaitun, don aikina ke nan, kai baƙi su ga ƙadangaru da kunkuru. Rim na ta mitar ƙaya, shi kuwa yana maƙale da waya, uwarsa na ba shi labarin jaririn da suka bar mata, wai ya ƙi barci.

A gindin wani zaitun na tsayar da su. Hawainiya ce, ciki fam da ƙwai, tana tona rami a yashi a hankali. Na daɗe ina bibiyarta, kuma ba kowa nake nuna wa ba.

Ba mu yi nisa ba Munsif ya ce zai zaga. Da ya dawo sai na ga ya rungume jakarsa a ƙirji, yana kauce wa idona.

"Yaya Munsif, me ke cikin jakar nan?"

"Burodi ne."

"Burodin ne ke motsi?"

Rim ta yi caraf ta ce, "Haba Sundus, a kan ƙadangare? Kambun baka ne ya kama yaron. Surukata Hajiya ta ce a busar da hawainiya a yi masa turare."

Raina ya yi mugun ɓaci. Na ce, "Yaro na haƙori, ku nufi likita mana! Na nuna muku don na ɗauke ku mutane, ashe ɓarayi na rako."

"Ke da ba ki haihu ba, ina za ki gane," in ji Munsif.

Maganar ta soke ni har zuciya, na fizge jakar. Hawainiyar ta koma baƙa ƙirin, baki a wangale. Matsar da ya yi mata ta sa ƙwan sun zubo, sun caɓe da yajin burodin.

Na mayar da ita bakin raminta. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ja jiki ta hau reshe. Ni na binne ƙwan ina kuka, ina sane ba abin da zai fito.

Yanzu in baƙo ya tambaye ni hawainiya, ta gindin zaitun ɗin nake wucewa da shi ba tare da na tsaya ba, in ce masa ai sun ƙare a Jarba.