Tafin Malama Sanobar

Ni na riƙe Sanobar tun ranar da 'yan uwanta suka kore ta, don ta ƙi zama namijin da suka raɗa wa suna. A gidanmu na kwaja sira, wato mu da aka raɗa wa sunan maza amma muke rayuwar mata, a birnin Multan ni ce guru, uwar ɗakin kowa. Sauran yarana rawa suke yi a gidajen haihuwa, su sa albarka. Ita kuwa karatu ta sa a gaba, har ta samu koyarwa a wata firamare da aka ce doka ta yarda a ɗauki irinmu aiki.

Shugabar makarantar ta san ko wace ce. Sharaɗinta kawai farin mayafi, murya ƙasa-ƙasa, kada iyaye su sani. Tun daga nan na rasa sukuni. Da Sanobar ta fita sai in hau leƙen titi, shayi ya huce a gabana in sake ɗora wani.

"Guru ji, ki zauna mana, kin fi fanka juyi," in ji ta.

"Ke dai ki dawo min lafiya, sarkin surutu."

Ranar rabon sakamako iyaye suka cika farfajiya. Yara biyu suka kaure da dambe, Sanobar ta yi magana ba wanda ya ji. Sai hannunta ya riga hankalinta. Ta ware yatsu ta buga tafinmu, mai ƙarar nan da duk garin ya san na su wane ne. Iyaye duk suka juyo suna kallonta.

Washegari aka kira taron iyaye. Na bi ta, ina ta kai-kawo a bakin taga. Wani ya ce doka ce ta ba ta aikin, wani ya ce ba doka ta haifa masa ɗa ba. Wadda ta fi kowa ɗaga murya Kausar ce, matar mai shagon yadi, da jariri a kafaɗa.

"In 'yata Nimra ta tambaye ni malam ne ko malama, me zan ce? Ko ta tafi, ko mu kwashe yaranmu!"

Shugaba ta ce Sanobar ta ɗan huta a gida tukuna. Mun san irin wannan hutun. Wallahi ji na yi kamar in cinna wa makarantar wuta.

Muna bakin titi sai ga Kausar da sauri, tana waige-waige.

"Yaya, yaron nan zazzaɓi ya ƙi sakinsa. Addu'arku ba ta faɗuwa ƙasa. Ɗan ɗora masa hannu, don Allah."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, Sanobar ta miƙo min jakarta. Ta dafa kan yaron ta yi masa addu'a.

"Allah ya raya shi. Nimra kuma ta iya lissafi, tsoro ne ke hana ta ɗaga hannu. Ki riƙa..."

Kausar ba ta ji ƙarshen ba. Ta riga ta tsallaka titi, kada a gan ta da mu.