Ragon Sallama na Mai Ɓeraye

Shekara bakwai Illa ya yi yana kwashe kashin ɓera a Zinder, kuma albashi ake biyan sa a kai, abin dariya. Nasaran da yake wa aiki, wanda duk Birni ke kira Mai Ɓeraye, yana da fararen ɓeraye a keji bayan ofishin noma. Illa ne ke auna musu garin maganin ƙwari a cikin gero, ya tara fitsarinsu a kwalabe, Nasara ya duba abin da ya fito.

To, ai garin ba ya fitowa a fitsarin. Illa bai yi lakwal ba, wato boko, amma yana da ido. Idan aka farke ɓeran da ya sha garin, hantarsa ta kumbura, garin kuma ya kwanta a kitse abinsa, in mace ce har ya bi nononta. Ka ba shi wani magani, sai ya wuce ta cikinsa kamar ruwa a kwando, ko na barci ne ba ya kama shi.

Wannan garin ne ƙanensa Bukar ya yi shekara uku yana barbaɗawa da hannu a rumbunan gyaɗa na Tirmini. Da ya kwanta da makyarkyata, ba allurar da ta riƙe shi. Ya rasu ya bar matarsa Delu da goyo. Illa ya tsaya gaban Nasara ya ce, "Musye, hantar Bukar ce, irin ta ɓerayen nan." Mai Ɓeraye ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce zazzaɓi ne, ya miƙo masa kwalba ya wanke.

Wallahi tun ranar Illa bai ƙara kallon mutumin nan da zuciya ɗaya ba. Ya tsane shi, tsana mai sanyi.

Da aka fara maganar 'yancin kai, aka ce Nasara zai koma gida da damina, sai Illa ya sayo ɗan rago a kasuwar Dogo. Kullum da safe ya auna masa garin maganin a dusa, daidai gwargwado, yadda ba zai kashe ba. Wa ya fi shi sanin awon? Wata biyar rago na ci yana ƙiba. Maƙwabta suna ta tsiya: "Illa, aure za ka ƙara ne?" Shi dai murmushi.

Ranar sallama ya ja ragon har gidan Nasara ya ce guzuri ne. Mai Ɓeraye ya ji daɗi har kunnuwansa suka yi ja. Aka yanka, kuku ya gasa, Illa ya ce azumin nafila yake, ya koma bakin ƙofa yana kallo. Nasara ya ci cinya, ya ci haƙarƙari. Amma Illa hanta yake jira, da kitsen ciki, ga shi har an kwashe faranti bai gan su ba.

Ya matsa ya ce, "Musye, ina hantar? Ai ita ce ta mai gida."

Nasara ya goge baki, ya amsa da gurguwar Hausarsa, yana jin kansa ɗan gari. "Shekara goma ina Damagaram, Illa, na koyi al'ada. Ba a cin nama a manta da gidan marayu. Tun hantsi na aika wa matar ƙanenka hanta da kitse duka."

Illa bai san lokacin da ya bar takalmansa ba. Ya keta lungunan Birni da gudu, yashi na ƙona masa ƙafa, mutane na tambayar lafiya.

Ya tarar da Delu zaune a tsakar gida, akushi wayam a gefenta, leɓenta na ƙyalli da maiƙo. Jaririn Bukar yana kan cinyarta yana shan nono.

Ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ashe Nasaran naku mutumin kirki ne? Rabona da nama tun arba'in."