Bakin da Garzali Ya Fasa

Garzali bai tsaya tambayar kowa komai ba. Da hantsi ya gangaro bakin kogin Wudil neman 'yarsa Yusra, sai ya hango ta shimfiɗe a kan yashi, jiƙe sharkaf, wani ƙato ya durƙusa a kanta yana danna mata ƙirji, bakinsa a kan nata. Shebur ɗin mutumin na yashe a gefe. Garzali ya sure shi ya sauke masa a gadon baya.

"Jama'a, ku taimaka! Ya kashe min 'ya!"

Mutanenmu kuwa ba a gayyatarsu duka sau biyu. Masu wanki suka watsar da kaya, masunta suka bar komarsu, wani da gora, wani da dutse, har da wanda bai san laifin ba amma ya fi kowa zafin hannu. Mutumin nan, Labaran mai haƙar yashi, yana ta kurma ihu yana miƙa hannu wajen yarinyar. Ihun ne ya ƙara tunzura Garzali. Ya juya shebur ya kai wa bakin sara, haƙora suka zube, muƙamuƙi ya karye, jini ya rine yashin. Kafin 'yan sanda su ƙwace Labaran, Yusra ta riga ta cika.

A kotu Garzali ya ba da shaida yana huci. Da alƙali ya ɗage shari'a sai wanda ake tuhuma ya iya magana, Garzali ya miƙe zumbur.

"Ranka ya daɗe, wace magana kuma? Da idona na gani!"

"Malam Garzali, na ji naka," in ji alƙali. "Ko garin nan kaf ne ya gani, doka ta ce sai an ji nasa. Zauna."

Damina ta wuce, aka yi girbi. Garzali ya zagi alƙali a gona, ya zage shi a kasuwa, yana cewa an sayar da jinin 'yarsa.

Ranar da Labaran ya tsaya kare kansa, bakinsa a karkace yake, kalmomi na fita da yawu. Kotu ta yi tsit don a ji shi.

"Ina cikin kwalekwale na ga yarinyar ta zame cikin ruwa. Na yi nutso na ɗauko ta. Ba ta numfashi, shi ne na hura mata iska."

"Ta motsa?" lauyansa ya tambaya.

"Ta yi tari. Ruwa ya fara fitowa, sai na ji duka a bayana. Ina ta cewa a juya ta, a kwantar da ita a gefe kada ruwan ya shaƙe ta. Kowa yana kaina. Ba wanda ya waiwaye ta."

Wallahi Garzali ya tuna ihun nan sarai, ya tuna hannun da ake miƙawa, ya tuna inda ya auna da shebur.

Sakina, mahaifiyar Yusra, tana zaune a bencin bayansa. Ta sunkuyo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baban Yusra, ka ji yana faɗin haka?"

Garzali ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ji," ya ce.