Ruwan Hawa na Uku

Da bakin tsohuwar wuƙa nake kankare fumfunar da ta fito a bangon ɗakinmu, sai Auta ta sake sarƙewa da tari, irin mai shaƙe numfashin nan har idanu su firfito. Shekararta huɗu, kuma likita ya riga ya faɗa mana ƙirjinta ba ya son danshi. To ga shi an shiga mako na uku bangon da gadonta ke jingine yana tsattsafo da ruwa.

Na jefar da wuƙar na fita bayan gida. Ga bututun nan dai a saman tagarmu yana ɗiga, ɗis, ɗis, ruwan na bin bango ya shige cikin siminti. Na ɗaga kai na dubi benen nan mai hawa uku, na saki Allah ya isa, kowa ya ɗauki rabonsa. Babu tagar da ta buɗe.

Haka gidan namu yake, zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Ni tela ce, a ƙasa nake da kekena. Shekara biyar muna shiga da fita ta ƙofa ɗaya, amma in ka cire gaisuwar fatar baki ban san cikin ɗakin kowa ba, kuma ban nema ba.

* * *

Da Baban Auta ya gaji da mitata sai ya turo mai gyaran famfo, wani dattijo mai sanyin magana da ya riƙa ba ni haushi. Ya daɗe yana kallon bututun kafin ya yi mini bayani. Kowane banɗaki a benen yana da tankin ruwa, a cikinsa akwai ƙwallon roba da ke tashi ya rufe ruwan in ya cika. In ƙwallon ya ƙi tashi, rarar ruwan ta wannan bututun take fita. Matsalar ita ce magina sun haɗa bututun hawa ukun a wuri ɗaya, don haka sai an bi gida gida.

Ya tambaye ni ko ɗigar tana tsayawa. Na ce da magariba takan ɗauke, sai hantsi ta dawo. Ya sosa gemu ya ce shi dai tun da yake aiki bai taɓa ganin famfon da ya lalace yana duba agogo ba.

Malamar asibitin da ke hawa na ɗaya ko ƙofar ba ta buɗe sosai ba. Ta ce banɗakinta ba kasuwa ba ne, wanda bangonsa ya jiƙe ya tashi ya nemi wani gida. Matar Direba a hawa na biyu ta fi ta iya baki. Ta ce ai ruwan wankina ne nake watsawa sannan in zo ina neman wanda zan shafa wa kashin kaji. Na ce hawainiyarta ta kiyayi ramata. Da ba don dattijon ya shiga tsakani ba da mun ba hamata iska a kan matattakala.

Tunda an hana shi shiga, sai ya canza dabara. Kowane gida yana da makunnin ruwansa a waje, gefen ƙofa. Ya rufe na hawa na ɗaya, muka sauka muka tsaya kallon bututu. Bai fasa ɗiga ba. Ya rufe na hawa na biyu, Matar Direba na zaginmu ta taga. Nan ma bai fasa ba.

Saura hawa na uku, gidan Manaja, mai farar mota da turare, wanda ko gaisuwa da hanci yake amsawa. Maigadi ya rantse babu kowa a ciki, mutumin shi kaɗai yake zaune, ga ma kwaɗo nan a ƙofa. Dattijon ya murɗa makunnin. Kafin mu gama sauka ɗigar ta tsaya cak.

* * *

Na koma sama da gudu, raina kamar zai fito. Na san babu kowa, amma na dinga dukan ƙofar ina zazzaga abin da ke cikina: marar imani, mai kuɗin banza, 'yata na mutuwa a ƙasa shi yana yawo da ƙamshi. Sai da numfashina ya ƙare na yi shiru. A nan na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki, a hankali, can ƙasa kusa da daɓe.

Wata murya siririya ta biyo ta ƙarƙashin ƙofar.

“'Yar nan, kada ki tafi. Ci gaba da zagin, ina ji.”

Na sauka da gudu na faɗa musu. Maigadi ya buga wa Manaja waya, ya iso cikin fushi yana tambayar uban wa ya ba mu izinin taɓa masa ruwa. Da ya buɗe ƙofa muka ga tsohuwa zaune a daɓe, rabin jikinta a shanye, ta rame ƙwarai. Mahaifiyarsa ce. Wata bakwai ke nan da ya kawo ta, kuma duk benen babu wanda ya sani.

Dattijon ya wuce banɗaki, na bi shi. Murfin tankin yana jingine a gefe. An ɗaure hannun ƙwallon da wani ƙyalle da aka yage daga ɗankwali, an danne shi ƙasa don kada ya tashi. Ƙullin mai hannu ɗaya ne, an ja shi da haƙori.

Tsohuwar da bakinta ta faɗa. Ta yi kira ta taga, muryar ba ta kai ba. Ta buga bango, babu wanda ya kula. Sai ta riƙa jan jiki zuwa banɗaki in ɗanta ya fita, ta ɗaura, in ya kusa dawowa ta kwance. Ta ce ta san mutanen yanzu ba sa hawa bene don mutum, amma za su hau don bango.

“Tsufa ne ya taɓa mata kai,” in ji Manaja, yana tura mu waje. “Abinci na rage ta da shi ko magani? Kowa ya ji da gidansa.”

Matar Direba, da ta hawo kallo, ta ce gaskiya ne, tsakanin ɗa da uwa ba a shiga. Ni kuma na buɗe baki, sai tarin Auta ya taso daga ƙasa, na ji kaina ina cewa ni dai a tsayar da ruwan. Tsohuwar ta dube ni. Wannan kallon har gobe yana ci mini rai.

* * *

Manaja ya sa dattijon ya cire kan makunnin ya ba shi. Dattijon ya yi, amma da ya sauko bai yi wa kowa sallama ba. Yanzu kullum da safe Manaja yakan rufe ruwan gidan, ya jefa ƙarfen a aljihu tare da mukullin mota.

Cikin kwana goma bango ya bushe. Baban Auta ya shafa fenti, tari ya tafi, yarinya har da tsalle a kan gado. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Sau biyu na hau na durƙusa a bakin ƙofar na ce, “Iya, ina wuni?” Ta amsa, ta tambaye ni jikin yarinyar. Daga nan ɗinki ya yi mini yawa, na ce gobe, goben ta zama mako, makon ya zama wata.

Jiya da hantsi na fita shanya a bayan gida, na ɗaga kai. Zanzaro ya yi gininsa na laka a bakin bututun, ya toshe shi tsaf.